Masu Tsallake Katanga

Yau kam sai ya kama su da hannunsa. Malamin ladabtarwa ya laɓe bayan darbejiya, bulala a hammata, yana kallon 'yan matan aji uku suna tsallake karyayyar katangar makaranta da aka tashi tara.

Shekara da shekaru yana zane masu gudun aji, bai taɓa tambayar inda suke zuwa ba. Tambayar me? Ai ya san halin yaran zamani. Wata mai bincike daga jami'a, da ta zo nazarin tarbiyyar ɗalibai, ita ta tsokano shi: "Malam, kafin ka sake ɗaga bulala, ka bi su ko sau ɗaya mana."

To, ya bi su. Suka kutsa lungunan Ƙofar Dumi, ba hira ba waige, har suka shige wani zaure da ya sani kamar yunwar cikinsa. Gidan da aka haife shi ne.

A tsakar gida ya tarar da su sun yi layi a ƙofar banɗaki, mahaifiyarsa na cika musu butoci.

"Hajja, me yaran nan suke yi a nan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Abin da kowane ɗan Adam ke yi. Banɗakin makarantarku ba ƙyaure, ba ruwa. Kai kana ba su bulala, ni ina ba su buta. Ajiye abin nan ka jawo mini ruwa, randa ta yi ƙasa."

Ya jingine bulalar, ya ɗauki guga.