Maɗinkin da Ya Yi Tambaya Aka Kore Shi

Bari in buga maka misali da wani maɗinki, irin masu aikin hannu a wuyan babbar riga. Shekara talatin yana zaune a zauren gidansa, ƙafa a harɗe, allura a hannu, kuma duk unguwar an san aikinsa ba ya warwarewa. Mutum ne mai jin magana: in aka ce masa zare kaza yana zuba, shi da wannan zaren har abada. Da ciwon kai ya matsa masa a ƙeya, har ya fara ganin kafar allura biyu-biyu, sai ya ajiye aiki ya tafi asibiti. Ya bi layi tun hantsi har azahar. Ma'aikacin da ya duba shi ko ɗago kai bai yi ba. Ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya yi rubutu, ya ce, "Jininka ya hau. Ƙwaya ɗaya kullum da safe." Maɗinki ya gyara zama cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, shi hawan jinin nan me ke kawo shi? Kuma zuwa yaushe zan sha?" Sai aka daka masa tsawa, wai nan ba makaranta ba ce, bai ga mutane na jira ba? Dattijo da furfurarsa ya miƙe, kunya ta lulluɓe shi, ya fita yana ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi.

Ya sha ƙwayar nan bai tsallake rana ɗaya ba, kuma kafin wata ya cika ciwon kai ya tafi. Shi kuwa a iya saninsa, don ciwo ake shan magani. Zazzaɓi ma in ya sauka ai ajiyewa ake yi. Ya yi hamdala ya ajiye ƙwaya, ya koma kan aikinsa. Miyarsa tana nan yadda take, gishiri da dunƙule sun ji, da la'asar ga tsire mai kitse, zama kuwa in ba salla ba babu abin da ke tayar da shi. Ba kwaɗayi ba ne, ba taurin kai ba ne. Babu dai wanda ya taɓa ce masa bari. Bayan wata bakwai, ana saura kwana tara Sallah, ga rigunan mutane jibge a gabansa, sai allura ta suɓuce daga yatsunsa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannu ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira matarsa, baki ya karkace.

Yana kwance a gadon asibiti, ɓarin dama a shanye, sai ya ji wata ma'aikaciyar jinya tana yi wa mutumin gadon kusa da shi bayani. Ta ce hawan jini ba ya yin sallama, yakan zauna a jiki shiru, ba ciwon kai ba komai, yana gajiyar da zuciya. Ba a barin magani don an ji sauƙi. A rage gishiri da kitse, a riƙa taka ƙasa kullum, a riƙa zuwa awo. Duka maganar ba ta kai shan kofin shayi ɗaya ba. Maɗinki ya saurara, ransa na tafasa. Ashe iyakar abin ke nan? A kan wannan aka kore shi, kamar ya roƙi gadon uban wani? Wallahi da an gaya masa, da ya bi maganar nan kamar yadda yake bin zanen riga, ɗinki bayan ɗinki. Ya so ya faɗa, harshe bai ba shi dama ba, sai hawaye ke gangara masa cikin kunne.

Ya rayu. Yana jan ƙafa zuwa masallaci, yana gaisawa da hannun hagu. Rigunan nan wasu ne suka ƙarasa su, shi kuwa bai ƙara riƙe allura ba. An cika masa hannu da ƙwaya, aka yi masa rowar kalma huɗu, sannan wasu marasa kunya suka koma suna cewa ai sakacinsa ne. Ina sakaci ga wanda ya tambayi hanya aka rufe masa ƙofa? Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce rashin sani ya fi dare duhu.