Rufe Ruwan

Na iso gindin shato, babban tankin ruwa na Sarkin Hausa, da bidon ruwana, na iske yaron nan durƙushe yana kwance kwantar, abin da ke auna ruwan gari. Wai rairayi ya cushe ta, wankewa za shi yi. Ɗana ne na fari. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunanshi ba.

Sai idona ya kai kan makullin tiyo. A buɗe yake. Ban yi karatun lakwal ba, amma bara na ga murfin kwantar nan ya zubar ma wani haƙora, don ya kwance shi da ruwa a ciki.

Na yi gyaran murya, bai ɗago ba. Na ce ma matan da ke layi, "Wata ta ce ma wancan ya duba bayanshi." Suka yi kamar ba su ji ba. Murfi ya fara motsi.

Sai na ji bakina ya ce, "Namadi! Rufe ruwan!"

Bintu sa'ata ta toshe baki da gyale. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ɗage murfin a hankali. Ko ɗigo bai fito ba.

"Inna, babban makulli na sama na rufe tun da safe, na tsiyaye tiyon. Wannan da gangan na bar shi, matan nan ma ni na roƙe su su yi kamar ba su ji ki ba. So nake in ji ko kin san sunan."

Na juya gida, bido ba ruwa. Har yau in Bintu ta hango ni a kasuwa, gaisuwarta ke nan: "Rufe ruwan."