Waɗanda Ba Su Bi Fitila Ba

Daga wurin likitan ido ba su nufi gida ba. Yarinyar ce ta nace sai ta ga ɗakin binciken mahaifiyarta tun idonta na da saura.

Uwar ta saki labule, ta ɗauko doguwar kwalba cike da ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, ta kunna fitila a bakinta. Nan take suka yi tururuwa zuwa hasken. 'Yan kaɗan suka rage a gindin kwalbar, suna ta kewaya wuri ɗaya.

"Waɗannan fa, Mama?"

"Ba sa gani. Gado ne."

Magana zarar bunu. Haka likita ya ce ɗazu game da idon yarinyar. Shekara da shekaru uwar tana haɗa ƙuda da ƙuda don ta gano wannan gadon, ashe a jininta yake kwance.

"To, sai ku zubar da su ke nan?" in ji yarinyar, da dariyar da ba ta kai ciki ba.

Uwar ta juye waɗanda suka bi fitila, ta mayar da murfi, ta damƙa mata kwalbar.

"Masu gani ake zubarwa, 'yata. Don waɗannan aka gina ɗakin nan."