Tafiyar Awa Huɗu Saboda Layi Ɗaya

Injiniya na danna maɓalli, baƙin allon kwamfutarta ya yi tsit. Layi ɗaya na umarni ta rubuta daga gida don sauya saitin katin sadarwar sabar kamfaninsu, wato babbar kwamfutarsu da ke wani gari, sai hanyar sadarwa ta yanke. Ta nemi sabar, ba amsa.

"Mama, kin fa ce yau za ki zo ki ga an ba ni kyauta a makaranta," in ji 'yarta.

"Yi haƙuri, uwata. In ban je na tayar da sabar nan da hannu ba, aikin mutane ya tsaya."

Awa huɗu tana tuƙi, bayanta kamar zai ɓalle. Ta shiga ɗakin na'urori, ta tarar da fitilun sabar kore shar.

"Ranki ya daɗe, lafiya?" in ji mai kula da ɗakin. "Ai tun safe sabar nan ko tari ba ta yi ba."

Ta buɗe kwamfutarta. Baƙaƙen tagogin rubuta umarni biyu ne a allon, iri ɗaya sak: ɗaya ta sabar, ɗaya ta kwamfutarta. Ashe a tagar tata kwamfutar ta rubuta umarnin. Kanta ta yanke wa hanya.

Wayarta ta yi ƙara: hoton 'yarta rungume da kyauta, kujerar gefenta ba kowa.