Zarar Kan Dutse

“Wace ce Zara, Sadiƙu?”

Wasila ta buɗe lasifikar waya, don duk gidansu a Tsarnawa ya ji ƙaryar da zai shirgo daga Indiya, inda ya tafi karatu bayan baikonsu.

“Kai ka rubuta ƙasan hotonka: ‘Na hau dutse na gano Zara cikin fararen kaya.’ Ni kuwa ina nan ina korar samarin Ƙonni saboda kai, maci amana!”

“Haba, masoyiya! Zara tauraruwa ce fa! Wurin bautar ’yan Hindu ne bisa dutse, abokai suka kai ni kallo. Taurari tara suke girmamawa, kowace da gunkinta. Sun ce Zara ka kula da soyayya, har fure na aza mata saboda ke.”

Wasila ta fashe da dariya, tana share hawaye. “Wallahi na zaci mace ce!”

Mahaifinta, Malam Alkasum, ya aje butar alwala.

“Gara macen, ɗiyata. Mata har huɗu addini ya ba shi. Amma fure ga gunki? Gobe da safe a maida wa iyayensa goronsu. Na fasa!”