Kunun Gwaggo Tabawa

Tun da hukuma ta ɗaura wa masu jinyar tsofaffi a gida munduwar nan mai na'urar lissafin aiki, Ladidi ta daina durƙusawa ta yi gaisuwa. Munduwar ba ta lissafa aiki sai hannu na taɓa jikin tsoho. Ana gamawa sai ta yi ja, ta kama ƙara, dole a wuce gida na gaba.

Yau ma ta yi wa Gwaggo Tabawa wanka, ta shafa mata mai, ta ɗaura mata wankakken zane, ta miƙa mata kunu. Munduwar ta yi ja.

"'Yar nan, ba mu gaisa ba," in ji tsohuwar. "Ya ƙafar mahaifiyarki?"

"Sai gobe, Gwaggo. Kin ji tana ƙara."

A bakin ƙofa ta waiwayo. Da idonta ta ga Gwaggo ta karkata ƙoƙon a hankali, hannun ko rawa ba ya yi, kunu ya malale a kan zanen.

"Kash, tsufa," in ji Gwaggo, kanta a ƙasa.

Ladidi ta dawo ta durƙusa, ta kama gogewa. Munduwar ta yi shiru.

"Yawwa. To, ya ƙafar tata?"

"Ai ta rasu tun kafin azumi, Gwaggo."

Tsohuwar ta ɗago kai.

"Kullum kina shigowa ɗakin nan, ban yi miki ta'aziyya ba?"

Ladidi ta ci gaba da goge kunun a hankali, don kada ya ƙare da wuri.