Kyanwar da Ke Jiƙa Katifar Alhaji

"Wai karatun da kika yi ke nan, tarar fitsarin kyanwa?" Alhaji Audi ya yatsine wa Zulfa fuska, ma'aikaciyar wani asibitin dabbobi a Ƙanƙara. "Ƙazamar kyanwar nan, kullum sai ta jiƙa mini katifa. Ku kashe ta kowa ya huta."

Matarsa, Hajiya Talatu, ta ƙanƙame kyanwarta, ta ce a dai auna tukuna. Zulfa ta ce fitsarin safe ake so, sai dai kyanwa ta kwana nan.

Washegari Talatu ta shiga gyaran ɗakin Alhaji. Katifa sharkaf, har kiyashi sun yi layi.

Ta dubi Alhaji sama da ƙasa.

"Alhaji, kyanwa fa a asibiti ta kwana. Tashi mu je, yau kai za a tara wa kwalba."